Rauni ko riƙe albashi a tashar jirgin ruwa da masana'anta: yadda ma'aikaci zai bi haƙƙinsa a Najeriya

Duk wanda ya san Apapa da Tin Can, ko Onne da Fatakwal da Warri, ya san yawan 'yan Arewa da ke neman abinci a bakin ruwa: masu sauke kaya daga jirgi, masu ɗaure kwantena, masu walda a wuraren gyaran jirgi, kanikawan manyan injina, masu gadi, da 'yan ƙalilan da suka samu shiga cikin jirgin kansa. Aiki ne na ƙarfe da sarƙa da nauyi, ranar da tsautsayi ya faɗa kuwa maganar yatsa ake yi, ko ƙafa, ko rai. Abin da ke biyo baya kusan kowa ya haddace shi. A kai mutum asibiti, a biya kuɗin kwana biyu, a miƙa masa ɗan wani abu a ambulan, a sa shi a motar gida, shi kuma ya ce haka Allah ya ƙaddara. Ƙaddara ce, babu ja, amma diyyar da doka ta tanadar masa ita ma rabonsa ce. Yawancin masu rasa ta tun a makonni biyun farko suke rasa ta, ko don ba a rubuta komai ba, ko don an sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. Kusan duk abin da ke ƙasa ya shafi mai aiki a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ko Kakuri a Kaduna, ban da sashen ƙarshe da ya keɓanta ga masu aiki a cikin jirgi.

Da farko, san wanda ya ɗauke ka aiki

Tambayar kamar wasa, amma a bakin ruwa ita ce ta fi wuya. Tun 2006 gwamnati ta miƙa gudanar da tashoshin ga kamfanoni masu zaman kansu, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, NPA, ta koma mai gidan haya. Kamfanin da ke riƙe da tasha yakan ba wani kamfanin kwangilar lodi da sauke kaya, shi kuma ya sa foman ya tattaro leburori. Kai foman kawai ka sani, da laƙabinsa ma, ba cikakken sunansa ba. Ranar da abu ya faru kowa zai nuna na kusa da shi: mai tasha ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan kwangila ya ce injin ai na mai tasha ne, mai jirgi kuwa ya riga ya ɗaga anga.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da sunan kamfani, irin aikin, albashi, lokutan aiki da yadda za a rabu. Ka nemi takardar nan. In sun hana, ka tara abin da zai maye gurbinta: katin shiga tasha, rigar aiki mai tambarin kamfani, saƙon banki na albashi, hoton rajistar da ake sa hannu da safe, saƙonnin da foman ke turo maka na kiran aiki. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani ɗan'uwa a gida, don waya takan faɗa ruwa ko ta fashe a hatsarin da ya raunata mai ita. In ana ba ka zaɓi, karɓi albashi ta banki. Kuɗin hannu ba ya barin sawu.

Lebura na tasha ya kamata ya kasance cikin rajistar NIMASA, hukumar da dokar 2007 ta ɗora wa rajistar leburorin tasha da ma'aikatan jirgi da kamfanonin da ke ɗaukar su. Ka shiga ƙungiyar ma'aikatan bakin ruwa ta MWUN in aikinka ya shafe ta. Sannan ka yi wata tambaya ɗaya a ofis, cikin ladabi: shin kamfanin nan yana biyan NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati?

Ga dalilin tambayar. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, ta kafa asusu a hannun NSITF. Kowane mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, daga aljihunsa, kuma haramun ne ya cire ko kwabo daga albashinka don wannan. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni, ba tare da sai ya tabbatar da cewa laifin kamfani ne ba. Dokar ba ta ware ɗan wucin gadi ko mai aikin yini ko ɗan koyo ba. Saboda haka in an ce maka kai ai ba cikakken ma'aikaci ba ne, ba ka da komai, maganar ba ta da tushe.

Ranar da abin ya faru

Asibiti tukuna, wannan ba sai an faɗa ba. Amma a bakin likita akwai abin lura. Ka faɗi gaskiyar yadda ka ji raunin da inda ka ji shi, ka tabbatar an rubuta cewa a wurin aiki ne. Wani lokaci wanda ya rako ka daga kamfani shi zai yi bayani da Turanci ko Yarbanci kana kwance, a rubuta "ya faɗi" kawai, alhali sarƙar injin ɗaga kaya ce ta tsinke. Bayan wata shida wannan layi ɗaya na cikin fayil shi za a karanta. In ba ka jin harshen da ake yi, a kira naka mutumin ya tsaya. Ka adana katin asibiti, hoton ƙashi, takardar magani da kowane rasit.

A lokaci guda wani abokin aiki ya ɗauki hoton wurin kafin a gyara: injin da babu murfin kariya, igiyar da ta ci, man da ya malale a ƙasa, tsanin da ya karye. Wurare irin wannan kan yi tsaf cikin dare ɗaya. A rubuta sunayen waɗanda suka gani da lambobin wayarsu, har da lambar wani nasu a gida, domin leburan yau gobe yana iya komawa noma a Jigawa ko ya wuce Kwatano. In a kan jirgi abin ya faru, a rubuta sunan jirgin da lambar shaidarsa ta duniya, wato IMO, mai alƙaluma 7 da ke jikinsa. Jirgi yakan sauya suna da tuta da mai shi, lambar kuwa ba ta sauyawa.

Hotunan nan suna da amfani domin Dokar Masana'antu ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da ba ma'aikaci kayan kariya inda aikin ke buƙata, kuma ma'anar masana'anta a dokar ta haɗa da wuraren ƙera jirgi da gyaransa. Ita dai dokar ta ce hatsarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, dole a sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago.

Kwana 14

Wannan adadin a haddace shi. Dokar 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 daga ranar hatsari ya sanar da mai ɗaukarsa aiki, ta hannun manaja ko mai kula da aiki ko mai ba da agajin farko ko wani wakilin kamfani da ya dace. Sanarwar ba ta buƙatar lauya. Sunanka da adireshinka, rana da lokaci da wuri, irin raunin da abin da ya jawo shi, cikin magana ta yau da kullum. Ka yi ta a rubuce, kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan naka. In sun ƙi karɓa, ka tura ta saƙon waya ko imel ga manaja, ka ajiye shaidar turawa. Kada ka dogara da cewa ai oga yana wurin, ya gani da idonsa. Dokar ta bar ƙofar uzuri ga wanda ya makara in an gamsu kamfani ya san da maganar, amma me zai sa ka jingina haƙƙinka da uzuri alhali takarda ɗaya ta wadatar?

Shi kuma kamfani yana da kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, in mutuwa ce nan take. Bayan mako biyu ka je ofishin NSITF mafi kusa, ko ka aika wani, a tambaya ko rahoton ya iso.

Raunin da aka ji a hanyar zuwa aiki ko komawa gida ma dokar ta ambace shi, haka cutar da aiki ke haifarwa sannu a hankali. Kanikawan ɗakin inji da suka fara cewa "na'am?" sau uku kafin su ji magana, da masu walda da fenti da ƙirjinsu ya lalace, su lura: raunin ji da cututtukan sana'a suna cikin abin da ake biya wa diyya.

Neman diyya daga NSITF

Ana cike fom na hukumar, ma'aikaci ko iyalinsa su sa hannu, a haɗa da rahoton likita da shaidar albashi. Wa'adin shekara ɗaya ne daga ranar rauni ko mutuwa. In akwai dalili na musamman da ya hana, hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara uku, amma wannan alfarma ce da sai ta gamsu. Mutanenmu a nan suke faɗuwa: a tafi gida jinya wurin mai ɗori, damina ta wuce, wata ta zo, sai abin hannu ya ƙare a tuna da Legas.

Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, dokar ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda ya nakasa wani ɓangare, kamar rasa yatsu ko ido ɗaya, ana ƙiyasta abin da nakasar ta rage masa na samu a biya shi bisa haka. Hukumar kuma tana iya ɗaukar nauyin magani da tiyata da ƙafar roba da koya wa mutum wata sana'ar. In hukuncinta bai yi maka ba, kana da kwana 180 ka nemi ta sake dubawa a rubuce, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

In ya bayyana kamfanin bai taɓa rajista ba, kada ka ɗauka magana ta mutu. Shi ya karya doka, kuma wannan na cikin abin da lauyanka zai riƙe a kotu.

Takardar da za a kawo maka asibiti

A nan nake so a daɗe. Kwana uku ko huɗu bayan hatsari, wani zai zo da fara'a, da lemo a leda, da ambulan, da takarda shafi ɗaya. Zai ce ta shaidar karɓar taimako ce kawai, ka dangwala. Sau da yawa a cikinta akwai jimlar da ke cewa ka karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ka yafe duk wata ƙara, wani lokaci har da cewa ka ajiye aiki da kanka. Kai kana cikin zafi, iyali na kira daga gida, kuɗin kuma a gabanka. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: su sun tanadi lauya tun kafin ka ji ciwo.

Kada ka sa hannu a ranar. Ka ce a bar maka takardar, ɗan'uwanka zai karanta maka. In sun ƙi barin ta, ka riga ka gane abin da ke ciki. Kuɗin magani ana iya karɓa, a rubuta a rasit cewa na magani ne. Dokar 2010 ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi da mai gidansa ta yafe diyyar da dokar ta ba shi, banza ce. Saboda haka wanda ya riga ya dangwala ma kada ya yanke ƙauna game da NSITF. Sai dai takardar na iya zame maka ƙarfen ƙafa in ka je kotu neman diyyar sakaci, inda za ka fara da wahalar nuna cewa ba ka san abin da ka sa wa hannu ba.

Haka batun sasanci a gaban sarkin Hausawa ko shugabannin unguwa. Ban raina shi ba, sau da yawa su ne ke sa kamfani ya saurara. Amma a zauna bayan likita ya faɗi matsayin raunin, a san ko hannun zai dawo aiki ko ba zai dawo ba. Naira dubu ɗari biyar tana da yawa a ido ran da aka ƙirga ta, ga magidancin da ba zai sake ɗaga guduma ba kuwa ko shekara ba za ta kai shi ba.

In rai aka rasa

Addininmu ya ce a gaggauta, kuma za a gaggauta. Amma kafin a ɗauki mamaci, mutum ɗaya ya tsaya a kan takardu: shaidar mutuwa daga asibiti mai nuna sanadi, rahoton 'yan sanda, da sanarwa a rubuce ga kamfani. Iyali ne ke da alhakin sanarwar kwana 14 ɗin. A tanadi shaidar aure da takardun haihuwar yara, in babu a yi rantsuwar kotu. In matan sun fi ɗaya a gabatar da su duka tun farko.

Matar da aka bari da yara biyu ko fiye, waɗanda duk mamacin ke ɗauke da su, dokar ta ba su kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, in yaro ɗaya ne kashi 85. Ana biyan na yara har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Wannan kuɗi na waɗanda mamacin ke ciyarwa ne, kada baffanni su ɗauka dunƙulallen kuɗi ne da za a karɓo a kasa. Ban da shi, a tambayi kuɗin fansho da inshorar rai: Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfanonin da ta shafa su yi wa ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su taɓa jin labarinta ba.

Kotu

Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'o'in aiki: albashi, kora, lafiya da tsaron ma'aikaci. Tana zama a Legas, Fatakwal, Abuja, Kano, Kaduna da wasu biranen, tana kuma da sashen sasanci da ya fi shari'a sauri. Kotun tana duba zahirin wanda ke ba ka umarni da wanda kake yi wa aiki, ba abin da aka rubuta kaɗai ba, don haka lauya yakan haɗa ɗan kwangila da babban kamfani a ƙara ɗaya.

Kafin ka shigar da ƙara ko ka cike fom ɗin NSITF, ka tambayi lauya wace hanya ta fi maka, domin dokar ba ta yarda a ci diyya biyu a kan rauni ɗaya ba, kuma inda laifin na wani ne daban, kamar mai jirgi ko kamfanin da ya kawo injin, akwai wa'adin zaɓi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikaci cikin abin da take taimakawa. In lauya mai zaman kansa ne zai ɗauki kasonsa daga abin da aka samu, a rubuta kason tun ranar farko.

Kora ba sanarwa ma tana da magani, ko da yake kaɗan ne. Dokar Ƙwadago ta sa sanarwar kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan sama, ko a biya kuɗin kwanakin.

Mai aiki a cikin jirgi

Shi lamarinsa daban ne, domin mai gidansa yana iya zama a Girka ko Dubai, tutar jirgin ta Laberiya ko Panama, shi kuma yana tsakiyar teku. Garkuwarsa ita ce Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013. Jiragen kamun kifi da waɗanda ba sa fita daga koguna ba sa cikinta.

Kafin ka hau, ka karanta yarjejeniyar aikinka, ka riƙe kwafi mai sa hannun ɓangarorin biyu. Dillalin da ya nemi ka biya shi kuɗin samar maka gurbi ya saɓa wa yarjejeniyar. Abin da ke kanka bai wuce kuɗin gwajin lafiya da littafin ma'aikacin jirgi da fasfo ba. Albashi ba ya wuce wata ba a biya ba, kuma da takardar lissafi. Hutu ba ya gaza awa 10 cikin 24, da awa 77 a mako, kada ka sa hannu a rajistar hutun da ba ka yi ba, don ranar hatsari ita za a fito da ita a ce ka huta. In ka yi ciwo ko rauni, magani a kan mai jirgi yake, ba zai iya taƙaita shi ƙasa da mako 16 ba. Kuɗin mayar da kai gida ma nasa ne.

In albashi ya tsaya, ka fara da ƙorafi a rubuce ga kyaftin bisa tsarin cikin jirgi. In ba a ji ba, da zarar kun shiga tasha ka kai wa jami'in binciken jirage na ƙasar, a Najeriya NIMASA ke nan, ka kuma sanar da ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF. Jami'in yana da ikon hana jirgi tashi in saɓawar ta yi tsanani. Tun Janairun 2017 an ƙara wani tanadi: in mai jirgi ya yi watsi da ma'aikata, wato ya bar su ba abinci ba kulawa, ko ya ƙi mayar da su gida, ko ya yanke hulɗa da su har albashin wata biyu ya taru, inshorar jirgin za ta biya bashin albashi har na wata huɗu ta kuma kai su gida. Takardar inshorar dole a manna ta inda kowa zai gani a cikin jirgi, da lambar da za a kira. Ka ɗauki hotonta ranar da ka hau. Kuma tunda wata huɗu kaɗai take biya, zaman jiran alkawarin "mako mai zuwa" har wata tara asara ce tsantsa.

Bashin albashin ma'aikacin jirgi yana manne da jirgin kansa, yana bin sa ko an sayar da shi, kuma yana gaba da yawancin masu bin bashi in kotu ta yi gwanjonsa. Dokar 1991 ta hurumin shari'o'in teku ta ba Babbar Kotun Tarayya ikon tsare jirgi a kan irin wannan bashi. Amma a 2021, a shari'ar jirgin MT Sam Purpose, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce maganar albashin ma'aikatan jirgi ta Kotun Ma'aikata ce, ita kuwa ba ita ke da al'adar tsare jirage ba. Hukuncin ya jawo muhawara sosai tsakanin lauyoyin teku. Saboda haka wanda za ka ba wannan aiki ya zama lauyan da ya saba da shari'ar jirage, ya duba inda dokar ta tsaya a lokacin kafin ya zaɓi kotu, kuma ya motsa tun jirgin yana cikin ruwan Najeriya.